Bangon Gabas

Ɗanbaba bai dawo daga Legas da mota ba, bai kuma dawo da wani Turancin kirki ba. Da sana'a ya dawo, irin wadda ba a saba gani ba tsakanin Kura da Bunkure. Motar tumatir ya bi daga Kwanar Gafan tun 'yarsa tana goye, ya je ya maƙale a can shekara da shekaru, sai dai ya leƙo gida da sallah. Wani attajiri ya yi wa aiki a wata unguwa ta bakin teku, mutumin da ba shi da harkar da ta wuce neman tsofaffin gidajen da iskar gishiri ta cinye. Ya saya da araha, a kankare, a shafe, a yi fenti, a sayar wa wanda ido ya ruɗa. Abin da Ɗanbaba ya koyo ke nan, kuma wallahi ya koyo shi da kyau.

Ya dawo daidai lokacin da wayar salula ta fara shiga ƙauyuka, samarin da suka samu a noman rani kuma suka fara raina ginin ƙasa. Kowa bulo yake so, ko dai abin da ya yi kama da bulo. Ga kuma tsofaffin gidaje birjik, na gado da magada suka kasa rabawa, da na waɗanda suka tattara suka koma Kano. Sai ya haɗa kai da Baballe dillali, wani siririn mutum mai bakin da ba ya gajiya, suka riƙa zaga garuruwa a kan babur, yau Garun Malam gobe Madobi, suna leƙa zaurukan mutane kamar masu cigiyar akuya. In Ɗanbaba ya shiga gida ba sama yake kallo ba, ƙasa yake kallo. Zai tsuguna a gindin bango, ya ƙwanƙwasa da makullin babur, ya kasa kunne, ya kankari ƙasar ya sansana. A wannan yanki ruwan kanal na noman rani ya daɗe da shiga ƙarƙashin garuruwa, bango kuwa daga ƙafa yake fara mutuwa.

Bayan duk wannan yawo, a garinsu suka samu gidan, can ƙarshen gari inda gonakin shinkafa suka fara. Wata tsohuwa ce ta rasu ta bari, jikokinta na neman kai da shi. Zaurensa lafiyayye, azarar ko gara ba ta taɓa ba, ga tsakar gida mai faɗi da bishiyar lemun tsami, ga ciki da falo. Baballe har ya fara lashe baki. Shi kuwa Ɗanbaba ya zagaya baya, wajen bangon uwar ɗakin da ya juya wa gabas baya, ya tsuguna. Farin gishiri-gishiri ya feso a gindinsa tun daga wannan kusurwa har waccan. Ya danna ɗan yatsa, yatsan ya shige kamar a tuwon da bai huce ba.

Ya san abin da ya kamata. A rushe bangon nan, a haƙa tushe, a zuba dutse, a tayar da bulo. Ya kuma san in ya yi haka ribar ta tafi. Da birkilan da ya ɗauko ya kalli wurin ya ce, "Maigida, wannan sai rushewa," Ɗanbaba ya harare shi ya ce ya rufe bakinsa ya rufe bangon, ba shawara aka kira shi ya bayar ba. Aka kawo ragar kaji aka buga da dogayen ƙusoshi, aka watsa siminti mai kauri, aka goge shi sumul. Aka cire rufin ƙasa aka ɗora kwano, aka sa sili, aka shafe gidan da fenti ruwan madara, gindin kuma ruwan ƙasa. Kai, gida ya fito! Masu tafiya gona har tsayawa suke da jakunansu suna kallo.

In zuciyarsa ta ɗan motsa, sai ya lallashe ta. Ai a Legas kowa haka yake yi. Ai mai saye da idonsa zai zo, in bai ƙwanƙwasa ba laifin wa? Kuma ma wa ya sani, wataƙila wani baƙon ɗan tumatir ne zai saya, ya zauna da rani, damina na sauka ya kulle ya koma garinsu.

Ba a daɗe ba Baballe ya zo yana washe baki, ya ce an samu mai so.

"Wane ne?"

"Wani bawan Allah ne, Alhajin Allah. Ya roƙe ni kada in faɗi sunansa sai an gama. Abin da ka yanka kuma ya ce ya karɓa."

"Ba tayi? Yaushe zai zo ya duba?"

"Ya ce ba sai ya duba ba."

Ɗanbaba ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce lallai har yanzu akwai sauran wawaye a duniya, Allah Ya ƙaro irinsu. Aka yi ciniki ta hannun Baballe da wani wakili, aka shaida, ya miƙa makullai, ya wuce kasuwar Bunkure ya sayo tsire ya kai gida.

A wannan shekarar ne aka sa ranar 'yarsa. Halimatu Sa'adiyya sunanta, sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa bakinsa bai taɓa furta shi ba, Iyata yake ce mata. Yarinya ce mai shiru, wadda ta girma rabin rayuwarta ba ta ganin uban sai a hoto, amma in ya dawo ita ce mai wanke masa hula. Wanda za ta aura Suhaibu ne, ɗan Malam Dalhatu manomin shinkafa, yaron da suke son juna tun tana zuwa Islamiyya. Ba wanda ya taɓa jin abin Allah wadai a gidan Malam Dalhatu. An sa bikin ƙarshen bazara, bayan an gama kwashe tumatir, kafin ruwa ya sauka.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko, sai ga Malam Dalhatu a ƙofar gida da ƙullin goro a hannu. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka gaisa, aka tambayi gida da gona da zafin gari. Sannan dattijon ya tura goron gaban Ɗanbaba.

"Godiya na zo yi, Malam Ɗanbaba. Yaron nan ya hana a faɗa maka, amma na ce ina, abin da aka gama ai ba a ɓoye wa babba. Gidan nan naka na bakin gona, shi ya saya. Nan za a kai yarinyar."

Ɗanbaba ya ji kamar an zare masa ƙashin baya. Bakinsa ya ce, "Masha Allah," shi bai san ya faɗa ba.

"Kunya ce ta hana shi zuwa da kansa," in ji Malam Dalhatu, yana murmushi. "Ya ce yaya za a yi ya tsaya gabanka yana tayi? Ni ma na ce masa to mu je in duba maka, don ka san layin nan akwai danshi. Ya ce haba Baba, a ji mun je muna ƙwanƙwasa bangon suruki kamar ba mu yarda da shi ba? Ya ce ai duk ƙasar nan ba wanda ya kai ka sanin danshi, in da matsala da ka gyara. Na ce wallahi yaro ya fi ni gaskiya. Ko kusa da wurin ban je ba."

Gumi ya tsattsafo wa Ɗanbaba ta ƙarƙashin hula, ya gangaro ta bayan kunne. A nan ne ya kamata ya yi magana, kuma ya sani. Kalmomin sun zo har maƙogwaronsa. Amma ga dattijo zaune da farin gemu yana yi masa kallon mutumin kirki, ga goro a gabansa. Sai ya ɓare goron ya jefa a baki, ya ce Allah Ya sanya alheri, ya raka baƙonsa har bakin hanya.

Ɗanbaba ya fara da neman Baballe. Ya same shi a gindin mangwaro wajen masu faci, ya ja shi gefe ya cakumi wuyan rigarsa.

"Don ubanka, ka san yaron ne ka yi shiru?"

"Af! Ni na ɗauka abin farin ciki ne," in ji Baballe, yana ƙoƙarin ƙwace rigarsa. "Gida ya fita daga hannunka ya koma hannun 'yarka, ina laifi? Ko akwai wani abu ne?"

Baballe bai taɓa zagayawa bayan gidan ba, shi tsakar gida da bakin ƙofa kawai ya sani. Ɗanbaba ya sake shi. Ya ce ya je ya gaya wa yaron yana son gidansa, zai mayar masa da kuɗinsa har da ƙari. Baballe ya tafi ya dawo da amsa: Suhaibu ya ce ya gode, ya gane Baba so yake ya mayar masa da kuɗin ya bar musu gidan kyauta, amma shi ba zai iya ba, namiji ne, a bar shi ya ajiye matarsa da guminsa. Kafin kwana biyu maganar ta zaga gari, wai Ɗanbaba ya so ya yi kyautar gida sukutum surukinsa ya ƙi. Har a masallaci wani tsoho ya riƙe hannunsa yana sa masa albarka. Ɗanbaba ya ji da ma ƙasa ta tsage.

Ya sake wata dabara. Ya aika wa Malam Dalhatu cewa akwai wani gida da ya samu a tsakiyar gari, ya fi kusa da masallaci da famfo, me zai hana yaran su zauna can? Wannan karon amsar ta zo da ɗan sanyi. Malam Dalhatu ya ce suna godiya, amma in dai ba gani ake yi sun kasa ba wa yarinyar wurin zama ba, a bar su da abin da Allah Ya hore musu. Ɗanbaba ya gane in ya ƙara taki ɗaya ta nan, auren ne zai fara tsagewa.

To, saura ya sami yaron shi kaɗai. Ai kuwa nan ya ga ikon Allah. Duk inda Suhaibu ya hango shi, sai ya tuɓe takalmi ya zube a ƙasa, kai a sunkuye, "Barka da rana, Baba," kafin a amsa ya miƙe ya ɓace. Rannan ya ritsa shi a kan gadar kanal, ba hanyar gudu sai dai ya faɗa ruwa.

"Suhaibu, batun gidan nan."

"Na'am, Baba. Allah Ya saka da alheri, Baba."

"Akwai ɗan gyaran da nake son in ƙara, ta baya."

"Wallahi ya yi, Baba. Ko ƙusa ba ya buƙata. Kowa ya gani sai ya yaba."

Yaron na tsugune a kan kankare mai zafi, yana wasa da wani tsinke, idonsa a ƙasa. Yaya mutum zai dubi ƙeyar yaron da ke girmama shi haka ya ce masa, ni ɗin nan na cuce ka? Ɗanbaba ya ce, "Tashi ka tafi, Allah Ya yi albarka." Suhaibu ya ɗauki takalmansa a hannu, sai da ya yi nisa sannan ya sa.

Tun daga nan abinci ya daina yi masa daɗi. Matarsa Binta ta ɗauka hidimar biki ce, ta ce ya rage tunani, kowane uba haka yake yi. Sau da yawa ya so ya gaya mata, sai ya tarar da ita cikin kwanuka da atamfofi da mata masu shiga da fita, fuskarta fal murna, sai ya fasa. Da tsakar rana, lokacin da zafi ya kora kowa inuwa, yakan saci jiki ya bi ta cikin gonaki ya ɓullo bayan gidan kamar ɓarawo. Ya tsuguna ya ƙwanƙwasa. Bangon ya amsa masa da ƙarar ganga, alamar simintin ya riga ya rabu da ƙasar da ke bayansa. Wata siririyar tsaga ma ta fito daga ƙasa tana hawa. Ya san yadda abin yake faruwa, ya sha gani. Ruwan farko zai daki bangon daga gabas, na ƙasa kuma ya taso, a yi ta jiƙa a ɓoye, sai wata rana cikin Agusta bango ya durƙusa gaba ɗaya ba sallama. Kuma ciki yake faɗawa.

Yakan ce wa kansa gobe. Gobe zai je wajen Malam Dalhatu ya faɗi komai. Goben ta zo sai ya ga ai bayan biki ya fi, in hankali ya kwanta. Wani lokacin har ya ce wataƙila ma bangon ya kai baɗi, ai Allah ne mai tsarewa. Da ya faɗi haka sai kunyar kansa ta kama shi, don ya san ba tawakkali ba ne, tsoro ne kawai. Sunansa yake ji, sunan da bai daɗe da samu ba. A garin nan da can ɗan bin motar tumatir ake ce masa, yanzu kuwa har sahun gaba ake matsa masa. Ana cikin haka hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa, iska na kawo ƙamshin ruwan da aka yi a wani wuri.

Ranar jere ta zo, ana gobe ɗaurin aure. Tun da hantsi mata suka ɗebi kaya a akori-kura suka nufi gidan amarya: gado da katifa, kabad, ledar ɗaki, labule, da kwanukan tangaran da Binta ta yi shekaru tana tarawa. Yayarsa Tambaya ce shugabar tafiya, mace mai faɗa da ba a taɓa yin jere a danginsu ba da ita ba. Ɗanbaba yana zaune a zaure da 'yan'uwa ana ƙulla goro da alawa, bayan la'asar sai ga ta ta dawo ɗaukar guduma da ƙusoshi, tana tafe tana mita.

"Ɗanbaba, 'yar nan taka sai addu'a. Ni dai tunda nake ban taɓa ganin amarya mai tsara wa iyayenta jere ba."

"Me ta yi, Yaya?"

"Tun jiya ta kira ni gefe, har da hawayenta, wai don Allah kada a jingina gado da bangon ƙurya. Wai a sa shi ta bakin ƙofa. Gado a bakin ƙofa, kamar na mai gadi! Na ce don me, ta ce ita dai haka take so. Na yi mata yadda ta ce don kada ta yi mini kuka, amma ɗaki ya fita a karkace, duk wadda ta shigo sai ta tambaya."

Ta wuce ciki tana ci gaba da faɗanta. Goron da ke hannun Ɗanbaba ya zube a tabarma. Wani ƙaninsa ya ce lafiya? Ɗanbaba ya miƙe ya shiga gida.

Amarya na ɗakin kakarta ta wajen uwa, an yi mata ƙunshi, ƙawaye sun kewaye ta. Uba ba ya shiga irin wannan wuri, shi ya sa da ya yi sallama ɗakin ya yi tsit. Ya ce su ba shi wuri. 'Yan matan suka fice suna kallon juna. Sa'adiyya ta ja mayafi ta rufe fuska, hannayenta da ƙafafunta a naɗe cikin leda. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ya rasa ta inda zai fara.

"Iyata, me ya sa kika ce a janye gadon?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ki gaya mini. Ba faɗa zan yi ba."

Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa daga cikin mayafin. "Ranar da ake buga ragar, Inna ta aike ni da furarka. Na zagayo ta baya na ji abin da birkila ya ce, na ji abin da ka ce masa. Sai na koma na ajiye kwanon a zaure na tafi."

"Kika kuma bari yaron ya saya?"

"Ban san shi ne ba, Baba. Sai da ya gama ya zo yana murna ya gaya mini, wai ya saya mini gidan da babana ya gyara da hannunsa."

"To, da kika ji, me ya hana ki gaya masa?"

Ta ƙara dunƙulewa cikin mayafin. "In na faɗa masa, zai faɗa wa babansa. Da wane ido za su dube ka? Na ce damina ɗaya ce, zan lallaɓa. In an yi hadari sai in ce zafi nake ji mu fito falo. In rani ya yi sai in nuna masa tsagar, in ce yanzu ta fito. Ba wanda zai sani, Baba. Don Allah ka bar shi haka."

Allah Sarki. Ashe duk kwanakin nan da yake zagaye-zagaye yana neman yadda zai tsira da sunansa, yarinyar nan ta riga ta gama shirin kwana a ƙarƙashin bangon don ta tsirar masa da shi. Ita ce ke wanke masa hula, ita ce ke durƙusawa ta miƙo masa ruwa, tana sane. Kunyar da ya ji a gaban Malam Dalhatu da ta kan gadar kanal duk wasan yara ne a kan wannan. Ya dafa ƙyauren. Ya so ya ce ta yafe masa, bakin ya ƙi.

"Ba za ki kwana a ɗakin nan ba," abin da ya iya faɗa ke nan.

"Baba, don Allah..."

Ya riga ya juya. A bayan rumbu ya ɗauki diga, ya saɓa a kafaɗa, bai ko tsaya cire babbar rigar da ya sa don baƙi ba. Ya ratsa zaure ta tsakiyar 'yan'uwa, suna tambaya bai kula ba. Ya miƙe titin gari ido na ganin ido, mutum da shadda da diga, ai kuwa kafin ya kai ƙarshen layi yara da manya sun biyo shi. Hanyar ta bi ta ƙofar Malam Dalhatu, inda aka kafa rumfa baƙin ango suna zaune. Ya tsaya ya yi sallama.

"Malam, ka taso ka ga wani abu. Suhaibu ma ya zo."

Dattijon ya dubi digar, ya dubi fuskarsa, ya sa takalmi bai tambayi komai ba.

A gidan, guɗar mata na tashi daga ciki. Ɗanbaba ya leƙa ya ce wa Tambaya, wadda ta riga shi komawa, su fito da kowa daga uwar ɗaki, su janye kabad ɗin daga jikin bango. Ta buɗe baki za ta yi masifa, ta ga idonsa, ta yi abin da ya ce. Ya zagaya baya, jama'a na biye, suka tsaya a kan kunyar gonar shinkafa. Bangon na nan sumul da fentinsa, gwanin kyau.

Ya ɗaga digar ya kafta a gindi. Bugu na farko ta shige har ƙota. Ya fizgo, sai wani falle na siminti mai faɗin tabarma ya ɓalle da ragarsa ya kife a ƙasa. Abin da ke baya ya biyo shi, baƙar ƙasa jiƙaƙƙiya, tana zubowa a hankali, da wari irin na ƙasan randa. Wurin ya yi tsit, har ana jin kukan kwaɗi daga cikin gona.

Malam Dalhatu ya matso, ya naɗe hannun riga, ya tura hannunsa cikin ramin. Ya shige har gwiwar hannu. Ya zaro, ya dubi taɓon da ke yatsunsa.

"Haka na same shi," in ji Ɗanbaba, da ƙarfi yadda na baya ma za su ji. "Na gani da idona tun kafin in saya. Birkila ya ce a rushe, na hana. Ni na sa aka rufe shi don in sayar. Ban san yaron nan ne zai saya ba, amma ko wa ya saya, ɗan wani ne. Da na sani kuma na yi shiru har yau."

Wani daga cikin baƙin ya yi salati a hankali. Sai muryar Tambaya ta taso daga bakin katanga, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo ni! Ashe shi ya sa 'yar nan ta ce a janye mata gado daga bangon! Ashe ta sani!"

Malam Dalhatu ya juyo. "Yarinyar ta sani?"

Ɗanbaba ya gyaɗa kai, idonsa a kan taɓon da ya ɓata masa gaban riga.

"Ta sani, ta kuma yarda a kawo ta?"

"Don kada in ji kunya," in ji Ɗanbaba.

Dattijon ya tsinki ganyen shinkafa ya goge hannunsa a hankali, yatsa bayan yatsa. Sannan ya dubi ɗansa, wanda ke tsaye kamar an dasa shi, ya ce ya nemo mota a kwashe kayan yarinyar nan kaf a kai gidansa, a gyara mata ɗakin da ke kusa da na uwarsa. Ya ce ɗaurin aure na nan gobe da safe yadda aka sa, kada wanda ya fasa zuwa.

Ɗanbaba ya ajiye digar ya matso, ya miƙa hannu biyu. "Malam, ni ban san da bakin da zan..."

"Ita kam muna so," in ji Malam Dalhatu.

Ya sauke hannun rigarsa, ya bi ta gefen Ɗanbaba ya hau hanya, baƙinsa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Mata suka fara fito da kwanukan tangaran suna jerawa a tsakar gida, ba mai guɗa. Ɗanbaba ya tsaya a bakin ramin da hannayensa a miƙe, har ya gane ba mai karɓa, sannan ya sauke su.